Ƙanena ya fito daga gidan yari, ba ɗaki ba aiki, ina ake dosa?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai ban taɓa tofa komai ba, yau dai abu ya ci ni. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fito daga gidan yari wata biyu da suka wuce bayan ya yi shekara 3 da 'yan watanni. Ba zan ɓoye muku ba, laifin ya aikata: kayan shagon ubangidansa ya riƙa ɗiba yana sayarwa lokacin da yake shaye-shaye. A ciki ya koyi kafinta, kuma wallahi hannunsa ya faɗa, ya gyara min ƙofar banɗaki da ta gagari mutum biyu.

Gidanmu na gado an sayar an raba tun yana ciki, kasonsa ya tafi wajen lauya da biyan mai kaya. Ni ciki da falo nake haya a nan Kano, da mata da yara 4. A soron gidan yake kwana, mai gidan kuma ya fara yi min magana a fakaice. Na yi ƙoƙari na kama masa ɗaki a wata unguwa, naira 130,000 a shekara, har la'adar dillali na biya. Kwana uku mai gidan ya kira ni ya miƙo min kuɗina, wai "an ba shi labari". La'ada kuwa ta bi ruwa. Mun je wajen kafintoci biyu, dukansu sun yaba aikinsa, da suka ji inda ya koya sai aka ce mu je za a neme mu.

Tambayata: akwai wata hukuma ko ƙungiya da ke taimaka wa irinsu da wurin kwana ko aikin yi? Ina jin tsoron zaman banzan nan, don na fara ganin tsofaffin abokansa suna giftawa ta layinmu.

Ummu_Haidar:
Allah sarki. Allah ya shirya shi, ya ba ka ladan zumunci.

Ɗan_Kwari:
Wa alaikumus salam. Baban Walida ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ban ga laifin mai gidan nan ba. Na taɓa ɗaukar wani yaro da ya fito, saboda tausayi da roƙon mahaifiyarsa, na sa shi a shagona. Wata biyar ya yi lafiya lau, har makulli na fara bar masa. Ranar da na tafi ta'aziyya ƙauye ya kwashe min shadda turmi 11, har yau ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Bakatsine_Zalla:
Ɗan Kwari, tsakaninka da Allah, yara nawa ne suka yi maka sata a shagon nan waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar gidan yari ba?

Ɗan_Kwari:
Sun fi uku. Amma su ban san halinsu ba na ɗauke su, shi kuwa da sanina na jefa kaina.

Tsohon_Gandroba:
Salamu alaikum. Na yi shekara 35 a wannan aiki kafin na yi ritaya, bari na faɗi abin da na sani. A tsarin hukumar akwai sashen walwala da sashen da ke bibiyar fursuna bayan ya fita. A ƙa'ida, wanda ya koyi sana'a a ciki, kafinta ko ɗinki ko walda ko takalma ko aski, ya ci jarrabawar gwajin sana'a, ana iya sa sunansa cikin waɗanda za a ba kayan fara aiki: keken ɗinki, injin walda, akwatin kayan kafinta da makamantansu. Ana bayarwa, na ga an bayar da idona. Sai dai masu fita sun ninka kayan sau ba adadi, kuma wanda bai bi sawu ba ba ya samu.

Shawarata, ɗana, ka ɗauki ƙanenka ku koma gidan da ya zauna, ku nemi jami'in walwala. Ku tambayi abu biyu: takardar shaidar sana'ar da ya koya, da ko sunansa zai iya shiga cikin masu karɓar kaya. Kada ku ji kunyar komawa. Yawancinsu in sun fita ba sa son ko bi ta titin, shi ya sa haƙƙinsu ke salwanta.

Maganar ɗaki kuwa ba zan yi maka ƙarya ba. A duk shekarun da na yi, ban taɓa buɗe wa mutum ƙofa na miƙa masa makullin wani ɗaki ba. Ƙofa muke buɗewa, mu ce Allah ya kiyaye gaba. Wasu a bakin ƙofar suke tsayawa suna kallon titi, ba su san dama za su yi ko hagu ba. Akwai wanda na sallama da safe ranar Litinin, kafin wata ya zagayo aka dawo da shi, ya dube ni ya ce "Baba, a nan ne kawai nake da tabarma."

Baban_Walida:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban san da maganar takardar nan ba, shi ma bai taɓa faɗa min ba.

Lauyan_Talakawa:
Ƙari a kan maganar Baba. A watan Agustan 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu: tsare mutane, da kuma hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar sa mai ƙaramin laifi ya yi wa al'umma aiki maimakon a kulle shi. A cikin dokar akwai tanadin ba wa wanda ya nuna halin kirki takardar shaidar kyakkyawan hali in zai fita, kuma dokar ta ce wanda ke riƙe da ita kada a nuna masa wariya saboda zaman da ya yi. Wannan shi ne abu na uku da za ku tambaya.

Amma kada na sa maka rai da yawa. Takarda ba ta tilasta wa mai gida ya ba ka haya. Gidansa ne, in ya ce ya fasa, iyakarka ka karɓi kuɗinka. Da kun riga kun sa hannu a yarjejeniya ya shiga ɗakin, to nan magana ta canza, sai ya ba shi wa'adi kamar kowane ɗan haya. Shi ya sa masu gida ke saurin mayar da kuɗi kafin a shigar da katifa.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke. Mutum zai yi shekara 4 a ciki, kotu ta ce ba shi da laifi, ya fito unguwa ta ci gaba da kiransa tsohon fursuna. Shi ko sana'ar ma sau da yawa ba ya samun koya, don an fi sa waɗanda aka yanke wa hukunci a wuraren koyon aiki.

Hajiyar_Gwale:
Ni mai gidan haya ce, ɗakuna 6 marigayi ya bar mana, da su nake riƙe marayu. Ku fahimce mu. Gidan haya irin namu tsakar gida ɗaya ce, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Maza su fita tun safe su bar mata da yara. In na sa mutum irin wannan, ko cokali ya ɓata shi za a kalla, sauran 'yan hayar kuma su fara neman wani gidan. Ba ƙiyayya ba ce, ɗana. Amma da yayansa zai zo min da mai unguwarsu ko limaminsu, su ce Hajiya mun tsaya masa, duk abin da ya faru mu za ki nema, zan iya tunani. Abin da ba na so shi ne a ɓoye min, sai daga baya na ji a bakin maƙwabta.

Baban_Walida:
Hajiya, gaskiya ɓoyewa muka yi. Dillalin ne ya ce kada mu faɗa.

Dillali_Mai_Gaskiya:
To ai ka ji. Mu dillalai an mayar da mu jakin kowa. Amma ni a sana'ata, in ka faɗa tun farko, cikin masu gida goma tara za su ce a'a tun kafin ka rufe baki. In ka ɓoye, wataƙila a yi wata shida ba a sani ba, kafin nan an saba da shi an ga halinsa. Kowanne da haɗarinsa. Kuma maganar la'ada, wanda ya san ya kamata yana mayar da ko rabi ne in ciniki ya warware.

Bakatsine_Zalla:
Dillali mai gaskiya, an ce ana samunsa a gidan yarin Janguza, ɗakin da ke kusa da masallaci.

Dillali_Mai_Gaskiya:
Allah ya shirye ka Bakatsine.

Na_Dawo_Gida:
Na buɗe wannan sunan ne yau don na yi magana, ina cikin zauren da wani sunan daban. Ni na zauna, shekara 5 da wata 2. Ba zan faɗi laifin ba, amma na aikata.

Ku da ba ku taɓa shiga ba, kuna zaton ranar fita ita ce ranar farin ciki. Farin cikin awa biyu ne. Na shiga ana sayar da litar mai ƙasa da naira 200, na fito bayan an cire tallafi a 2023, kuɗin da aka haɗa min na mota ko rabin hanya bai kai ni ba. Har takardun kuɗin an sauya wa wasu launi, na riƙe dubu ɗaya ina jujjuyawa kamar baƙauye. Layin wayata kamfani ya sayar wa wani, na kira lambata wata mata ta ɗauka. Asusun banki ya daskare, a buɗe shi sai da lambar NIN, ita kuma tana haɗe da layin da ya tafi. Sati uku ina zarya a kan wannan kaɗai. Matata ta nemi saki tun shekara ta biyu, ban ga laifinta ba. A gidanmu, matar yayana in na shigo sai ta tashi ta kulle ɗakinta, a gabana, ina jin ƙarar kwaɗon.

Kun san su wa suka tarbe ni hannu bibbiyu? Mutanen da na bari a majalisa. Su suka saya min shayi da burodi da ƙwai, su suka ce ga kango can muna kwana, zo ka shimfiɗa. Ba su tambaye ni takarda ba, ba su ce na kawo mai tsaya min ba. Kuma suna da "aiki" a daren nan in ina so. Baban Walida, waɗannan da ka gani suna giftawa ta layinku ba hanya ce ta biyo da su ba. Rige-rige kuke yi da su, kuma sun fi ka sauri.

Abin da ya cece ni wani dattijo ne mai gidan bulo a bayan gari. Na je neman lebura, na faɗa masa komai tun kafin ya tambaya, don na gaji da a kore ni a rana ta uku. Ya yi shiru, ya ce "Ka iya tashin asuba?" Na ce shekara biyar ana tashina ƙirga. Ya yi dariya ya ba ni ɗakin mai gadi, ba ƙofar kirki, amma nawa ne. Wata takwas bai taɓa aikena da kuɗi ba, ni ma ban so ya aike ni ba. Yanzu ni nake karɓar kuɗin bulo in ba ya nan. Na kama ɗakina, shi ya sa min hannu.

Ɗan Kwari, yaronka ya cuce ka, ya kuma cuce mu, mu da muke zuwa bayansa. Amma kai ma ka yi gaggawar ba shi makulli. Mutumin da ya fito, kada ka jarraba shi da abin da ya kai shi.

Ummu_Haidar:
Wallahi har na yi hawaye. Allah ya saka wa dattijon nan da Aljanna.

Ɗan_Kwari:
Na ji maganarka ta makulli, akwai ƙamshin gaskiya. Amma ka lura, kai lebura ka fara, wurin da babu abin ɗauka sai yashi. Kasuwa daban ce.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Ya zo a hadisi cewa wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. Ya kuma zo cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, ba sa karo da juna: ka karɓi tubansa, ka kuma kiyaye dukiyarka. Sannan mu tuna Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga kurkuku ya fito aka damƙa masa taskokin ƙasar Masar.

Abin da nake so na ja hankali a kai shi ne zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas, ciki har da faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Wanda ya fito ba ɗaki ba jari, ai ya shiga ta ƙofa fiye da ɗaya. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, Sakkwato ma suna da tasu ta zakka da waƙafi. Attajiranmu kuma duk azumi suna zuwa su biya wa fursunoni tara a sake su, a ɗauki hoto. Alheri ne, amma rabin aiki ne. Wanda ya biya wa mutum tarar naira 50,000, da zai ƙara masa kuɗin ɗaki na wata shida, da ladan ya fi cika.

Sarkin_Musu:
Malam, a gafarce ni, Annabi Yusuf sharri aka yi masa, kuma bai yarda ya fito ba sai da aka wanke shi a gaban sarki. Ba a haɗa shi da wanda ya kwashe kayan shago.

Malam_Na_Zaure:
Haka ne, ka gyara min daidai, Allah ya yi maka albarka. Nufina kurkuku a kan kansa ba ya zama hujjar lalacewar mutum. Ka koma ka karanta abin da Lauya ya ce game da masu jiran shari'a.

Lauyan_Talakawa:
Maganar Malam ta tuna min. A watan Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biyan tara, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. A gidan yarin Kuje da ke Abuja aka fara. Abu ne mai kyau ƙwarai, don wasu a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba suke zaune. Amma tambayar Baban Walida tana nan: mutum 4,068, daren farko a ina kowannensu ya kwana?

Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023, harkar gidajen gyaran hali ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da hurumi. Ke nan wanda zai matsa wa gwamnati lamba a kan wannan, ba sai ya je Abuja ba, ɗan majalisar jiharsa ma ya isa a tambaye shi.

Gimbiyar_Zazzau:
Tun ɗazu ake ta "shi", "shi". Mata fa? Namiji ko a soro ya kwana, ko a masallaci, ko a tasha. Mace ta kwana a ina? Akwai wata 'yar uwarmu da rikicin kishi ya kai ta, ta yi shekara 2. Kafin ta fito miji ya aika da takarda, yara an hana ta gani, mahaifinta ya ce kada ta taka masa gida don tana da ƙanne 'yan mata da ba su yi aure ba, kada a ce gidan 'yar fursuna ne. Wata gwaggonsu ce a ƙauye ta karɓe ta. Ta iya saƙa da ɗinki sosai, amma matan garin ba sa kai mata, sai dai gwaggon ta karɓa ta ce ita ce za ta ɗinka. Ko mai gidan haya mai tausayi irin Hajiya, in mace ta zo ita kaɗai ba miji sai an yi mata tambayoyi goma, balle a ji wannan.

Hajiyar_Gwale:
Wannan gaskiya ne 'yata, ba zan musa ba.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan gidan kaso muke cewa, amma ciwon guda ne. Abin da na gani wajenmu, yawancin waɗanda suka fito ba su zama garinsu. Wani ya nufi Agadas ko wuraren haƙar zinariya na arewa, wani ya gangaro nan wajenku Kano ko ya wuce Legas, inda ba a san shi ba. Ƙanen abokina da ya fito, jikka 30, wato sefa dubu 30, dangi suka haɗa mashi, ya sayi kura da jarkoki yana ga-ruwa a wani gari. Shekara biyu ya dawo da abin hannunshi, sai ga shi mutanen da ke gudunshi suna gaishe shi. Baban Walida, ko za ka duba wannan? Wani lokacin canjin gari ya fi magani.

Na_Dawo_Gida:
Ɗan Maraɗi, yana yi wa wasu. Amma wanda shaye-shaye ya kai shi, ka tura shi garin da ba idon kowa a kansa, ka tura shi ga halaka. Gara a canza masa unguwa, kada a canza masa gari.

Abu_Yasmin_Amurka:
Ina zaune a Amurka shekara 14, ina tuƙin babbar mota, kuma cikin abokan aikina akwai waɗanda suka taɓa zama. Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ta wani fannin ma nan ya fi tsanani, don a gida sai an ba mai gida labari, nan kuwa sunanka kawai zai sa a kwamfuta tarihinka ya fito, ko shekara 20 da ta wuce ne. Bambancin shi ne sun yarda matsala ce, sun yi mata tsari. Akwai gidajen sauka na wucin gadi, inda mutum ke ƙarasa watannin ƙarshe na hukuncinsa: ya fita neman aiki da rana, ya dawo ya kwana, ana gwada shi ko yana shan ƙwaya. A 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata doka ta ba da dama ta biyu, wadda ke ba jihohi da ƙungiyoyi kuɗin irin wannan aiki. Jihohi da birane da yawa kuma sun hana a sa tambayar "an taɓa ɗaure ka?" a takardar neman aiki ta farko, sai an ga mutum an ji ƙwarewarsa tukuna.

Amma wanda ya fi burge ni, kuma ya dace da maganar Hajiya da Ɗan Kwari, wani shiri ne da gwamnatin tarayyarsu ke yi tun 1966. In kamfani ya ɗauki tsohon fursuna, ana ba shi inshora kyauta ta wata shida na farko, daga dala 5,000, ko da ma'aikacin zai yi masa sata. Wato gwamnati ce ke cewa na tsaya masa. Da Ɗan Kwari na da irin wannan, da an biya shi shaddarsa.

Ɗan_Kwari:
Da an biya ni shaddata, da yanzu akwai wani a shagon. Wannan kam na yarda.

Sarkin_Musu:
Ku dai kuna da abin dariya. Masu digiri suna tuƙa adaidaita sahu, wanda bai taɓa satar ko allura ba ya rasa ɗakin aure, sai a ce a fara gina wa ɓarayi gida? Ai sai kowa ya je ya yi laifi ya fito a ba shi keken ɗinki. Har karatun NOUN, jami'ar karatu daga gida, kyauta suke yi a ciki, ni da ke waje ina biya.

Tsohon_Gandroba:
Ɗana Sarkin Musu, karatun gaskiya ne, jami'ar ta yafe musu kuɗin makaranta, kuma akwai waɗanda suka gama digiri a ciki. Amma in kana ganin garaɓasa ce, je ka kwana ɗaya a ɗakin da aka gina don mutum 20 aka zuba 70, lokacin zafin Afrilu, ka dawo mu yi magana. Gidan yarin Kurmawa tun 1910 Turawa suka gina shi, lokacin mutanen Kano nawa ne? Sannan ka yi lissafi: in ya koma ciki, da kuɗin wa ake ciyar da shi? Kafin ya koma kuma, wayar wa zai ƙwace?

Bakatsine_Zalla:
Wayar Sarkin Musu, in sha Allahu, mu huta kwana biyu.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a kiyaye harshe, kuma a dawo kan tambaya. Bawan Allah ya zo neman mafita ne. Wanda ke da abin yi a hannu ya faɗa.

Injiniya_Sabo:
Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka daɗe a harkar fursunoni, kamar PRAWA da aka kafa tun 1994, amma ni aikinsu da na sani ya fi karkata ga horarwa da neman gyaran dokoki, ban ce za su ba shi ɗaki ba. Ni dai a ganina abin da Abu Yasmin ya kawo ba sai mun jira gwamnati ba. Lamuni ai namu ne tun kaka da kakanni. Kwamitin masallacin unguwa zai iya ware wani abu a ajiye, a rubuta wa mai gida ko mai gareji: in yaron nan ya yi ɓarna cikin wata shida, mu za mu biya har zuwa kaza. In wata shida ta wuce lafiya, kuɗin na nan, a tsaya wa wani da su.

Hajiyar_Gwale:
In da takarda irin wannan da sa hannun liman da mai unguwa, ni zan bayar. Ba ɗakin cikin gida ba dai, akwai shago a waje mai ƙofarsa daban.

Sarkin_Musu:
Kwamitin da ya kasa sayen man janareta?

Kafinta_Rijiyar_Lemo:
Sai yanzu na ga wannan magana, ina wurin aiki. Baban Walida, bari na faɗa maka dalilin da ya sa 'yan uwana suka ce za a neme ku. Ba garejin suke ji ba, katako ba ya shiga aljihu. Aikinmu rabi a gidajen mutane ne: a kai gado ɗakin amarya, a ɗaura labule, a haɗa durowa, ga akwatuna a buɗe ga sarƙoƙi a kan madubi. In abu ya ɓata sunan mai gareji ne ya ɓaci, ba na yaro ba. Ni ina da aikin kujerun makaranta a hannu, duk a gareji ake yi, ba shiga gidan kowa. Ka kawo shi ranar Asabar da safe na ga hannunsa. Sharaɗina uku: kai za ka sa hannu, ba zai bi mu aikin gida ba sai na ga dama, kuma ranar da na ji warin wani abu a bakinsa mun rabu. Kuɗin yini zan riƙa ba shi, ba na wata ba.

Na_Dawo_Gida:
Kuɗin yinin ma kada a ba shi duka a hannu satin farko. A ba shi na abinci da na mota, sauran yayansa ya ajiye masa na ɗaki. Amma shi za a tambaya ya yarda da bakinsa, kada a yanke a bayan idonsa kamar yaro. Shekara uku ana yanke masa komai.

Baban_Walida:
Wallahi na rasa bakin godiya. Malam Kafinta na turo maka saƙo ta ciki. Na karanta masa abin da Na Dawo Gida ya rubuta, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce a tambaye shi yadda ya yi da maganar layin waya, don shi ma tasa ke nan. Gidan yarin kuma ya ce ba zai iya komawa ba ko don takarda, sai dai ni na je. Baba, za su ba ni in ba ya nan?

Hajiya, shagon nan naki nawa ne a shekara, kuma akwai banɗaki a kusa? Limaminmu na san zai sa hannu. Mai unguwar ne ban sani ba, don shagon da aka yi wa satar na ƙanen matarsa ne.

Tsohon_Gandroba:
Da wuya su ba ka ba tare da shi ba. Ka lallaɓa shi, ku je da hantsi ranar aiki, ya tsaya a ofishin waje, ba sai ya shiga ciki ba.

Ɗan_Kwari:
Ni dai a sa ido. Malam Kafinta, ka riƙa ƙirga kwalin ƙusa.